Inshorar bututun ruwan gida a Ingila: a saya ko a bari?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da wannan tambaya daga Birmingham: "Ni da maigidana mun sayi gida bara, irin tsofaffin gidajen nan da ke manne da juna, an ce an gina shi wajen 1900. Sau uku ke nan wasiƙa na zuwa mana, wai bututun da ke kawo ruwa daga titi zuwa cikin gida a wuyanmu yake, in ya fashe mu za mu biya, amma a kan fam 1 a wata za su ɗauke mana nauyin. Gaskiya ne? Mu saya?"

Ƙanwata, da farko Allah ya sa rai aka yi wa, ya sanya albarka a gidan. Wasiƙar nan ta masu sayar da inshorar bututu na san ta kamar yunwar cikina, don ni ma tana zuwa gidana, ga shi kuma aikin da nake ci da shi a ƙasar nan shekara da shekaru shi ne farautar yoyon ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ta faɗa na cewa bututun naku ne, gaskiya ne. Abin da take so ki ɗauka daga nan, wato cewa kuna bakin wata babbar asara wadda ba mai tsamo ku sai ita, wannan kuwa talla ce. Yawancin masu gida da suka tambaye ni nakan ce musu su bar kuɗinsu a aljihu. Sai dai irin gidanku yana da wata magana ta daban, kuma ita ce ta fi inshorar muhimmanci, zan zo kanta.

Mu fara da wa ke da me. Ki fita ƙofar gida ki duba kan daɓen da masu tafiya a ƙafa ke bi, dab da iyakar gidanku. Za ki ga wani ɗan murfi, na ƙarfe ko na baƙar roba, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Ƙarƙashinsa akwai makullin ruwa na waje, in kuna da mita ma galibi nan take. Babban bututun da ke ƙarƙashin kwalta na kamfanin ruwa ne. Ɗan reshen da ya fito daga cikinsa ya zo iyakar gidanku, shi ma nasu ne. Daga iyakar nan zuwa makullin ciki, wanda yawanci ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, wannan naku ne, da duk abin da ya same shi. Haka tsarin yake a Ingila da Wales ƙarƙashin dokar harkar ruwa ta 1991, wadda ta zo shekara biyu bayan an sayar da hukumomin ruwa ga 'yan kasuwa a 1989. Sashe na 75 na dokar ya ba kamfanin ruwa iko, in bututunki na zubar da ruwa kika yi biris, ya ba ki wa'adi a rubuce, in wa'adin ya wuce ya zo ya gyara da kansa ya miƙo miki takardar biya. Don haka ba irin na gida ba ne da bututu zai fashe a lungu ya yi wata uku yana malala, yara na wanka a ciki, ba mai cewa uffan.

In wasiƙar ta haɗa da magudanar ƙazanta, ki san cewa tun 1 ga Oktoba 2011 aka mayar wa kamfanonin ruwa duk magudanar da gidaje biyu ko fiye ke tarayya a kanta, da kuma ɓangaren da ya wuce iyakar gida. Abin da ya rage a hannun mai gida a wannan fannin kaɗan ne.

To, ranar da bututun ya fara yoyo, kafin hannu ya kai aljihunki akwai waɗanda ke gabanki, kuma su ne wasiƙar ba ta ambata ba. Na farko shi ne kamfanin ruwan kansa. Ba don tausayi ba. Ingila da Wales na asarar ruwa kimanin lita biliyan 3 kowace rana ta hanyar yoyo, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan daga bututun masu gidaje yake fita. Hukumar Ofwat da ke sa ido kan kamfanonin tana yanka musu adadin da dole su rage, in suka gaza ta ci su tara, kuma a lissafinta ruwan da ya tsiyaye a ƙarƙashin ƙofar gidanki yana cikin abin da ake ƙirga musu. Shi ya sa ake tura irinmu cikin dare da sandan sauraro muna bi gida-gida. Shi ya sa kuma da yawa daga cikinsu suke gyara yoyon farko kyauta, ko su biya wani kaso, ko su tallafa in mai gida ya zaɓi sake bututun gaba ɗaya. Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma sukan canza shi, saboda haka kada ki dogara da abin da wata ƙawarki a Landan ko Manchester ta gaya miki. Ɗauki takardar kuɗin ruwanku, ki kira lambar da ke jiki, ki yi musu tambaya ɗaya: in bututuna na waje ya yi yoyo yau, me za ku yi mini, me kuma ba za ku yi ba? Ki kuma tambayi batun rangwamen ruwan da ya zube, domin mai mita da ya gyara yoyo cikin wa'adi galibi ana yafe masa kuɗin ruwan da ya tafi a banza.

Na biyu shi ne inshorar ginin da banki ya tilasta muku yi kafin ya ba ku bashin sayen gidan. Mutanenmu da dama sukan biya ta su jefa takardar a durowa ba tare da sun buɗe shafi na biyu ba. Yawancin irin wannan inshora tana ɗaukar ɓarnar da ta afka wa bututun ƙarƙashin ƙasa ba zato, kamar saiwar bishiya ta murƙushe shi ko wani ya sare shi da diga. Tana ɗaukar ɓarnar da ruwan ya yi wa ginin. Da yawa kuma suna biyan kuɗin nemo inda yoyon yake da fasa daɓe a kai gare shi, wanda sau da yawa ya fi gyaran kansa tsada. Abin da ba ta ɗauka shi ne tsufa da tsatsa, sannan akwai wani kaso na farko da ke kanki a kowace ɓarna. Ki duba kuma ko an liƙa muku ƙarin inshorar gyaran gaggawa a jikinta, ko kuwa asusun bankinku irin wanda ake cirar kuɗi duk wata ne mai zuwa da irin wannan. Na sha ganin gidan da ke biyan abu ɗaya sau biyu, har sau uku, alhali ranar ɓarna sau ɗaya za a biya.

Ku kuma 'yan'uwa masu karanta wannan da ke zaman haya, ɗalibai da ma'aikatan jinya da sauransu, wasiƙar ba taku ba ce ko da sunanku ne a jiki. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan da ke kawo ruwa a kan mai gidan. Wanda ke zaune a bene mai gidaje da yawa ma, galibi masu kula da ginin ne ke da alhakin bututun waje, kuma yana biya a cikin kuɗin hidimar gini.

Yanzu lissafi. Fam 1 a wata ɗin nan tsaba ce aka watsa. Juya takardar ki nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa, za ki ga farashin shekara ta biyu, kuma za ki ga cewa yarjejeniyar na sabunta kanta in ba ki hana ba. Mu ƙaddara ya koma fam 8 a wata, ki sa ainihin abin da ke takardarki a madadinsa. A shekara fam 96 ke nan, a shekara goma fam 960, in ba a ƙara ko kwabo ba, kuma ana ƙarawa. A cikin kuɗin nan akwai harajin inshora na kashi 12 cikin ɗari, akwai la'adar kamfanin ruwa in an yi amfani da tambarinsa a kan ambulan, akwai kuɗin buga wasiƙun da ake ta aiko muku, akwai ribar masu kamfani. Abin da ya saura shi ne ake gyaran bututu da shi. A ɗaya ɓangaren, gyaran yoyo guda a ɗan gajeren bututu, a abin da na saba gani, 'yan ɗaruruwan fam ne. Sake shi sabo fil daga bakin titi zuwa kicin a gida irin naku, wanda tsakanin ƙofa da titi bai wuce taku biyar ko shida ba, yakan kama daga fam dubu ɗaya zuwa biyu, ya danganta da abin da za a fasa. Kuma abu ne da gida zai yi shekara ashirin, talatin, bai gani ba.

Fam dubu biyu kuɗi ne, ban raina ba, musamman ga wanda bai daɗe da kwashe duk ajiyarsa ya zuba a gida ba. Amma ba irin asarar da ke tayar da mutum daga gidansa ba ce. Gobara ita ce ke yin haka, shi ya sa inshorar gini take da ma'ana: kuɗi kaɗan a kan musibar da ba ka iya ɗauka. Abin da za ka iya biya da ajiyar 'yan watanni kuwa, in ka ba wani ya ɗauke maka, dole a ƙarshe ka biya shi fiye da abin da zai kashe a kanka, in ba haka ba da me zai ci? Fam 8 ɗin nan, ki buɗe masa ɗan asusu daban kamar zubin adashi. In bututu ya fashe, ga kuɗi. In bai fashe ba, tukunyar dumama ɗaki za ta lalace wata rana cikin sanyi, ita kam ba makawa, kuɗin na nan.

Kamfanin da ya fi shahara a wannan kasuwa shi ne HomeServe, wanda aka kafa a 1993 da haɗin gwiwar kamfanin ruwa na South Staffordshire, nan kusa da ku. A 2012 hukumar sadarwa ta Ofcom ta ci shi tarar fam 750,000 saboda kiran mutane a waya ana yin shiru ko a katse. A Fabrairun 2014 hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta ci shi tarar sama da fam miliyan 30 saboda yadda aka riƙa sayar wa mutane inshorar ba tare da yi musu bayani na gaskiya ba, da yadda aka yi sakaci da koke-kokensu. Wannan ya wuce shekara goma, an ƙara tsaurara dokoki tun daga lokacin, kuma adalci ne in ce na ga gidajen da irin waɗannan kamfanoni suka zo suka yi gyara mai kyau cikin kwana ɗaya. Ba damfara ba ce. Amma a farkon 2023 kamfanin zuba jari na Brookfield ya kammala sayen HomeServe a kan kusan fam biliyan 4. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ya yi lissafin sau nawa bututu ke fashewa, ya kuma ga amsar ta yi masa daɗi.

In ma za ki saya, ki karanta abin da aka cire, don nan ake yin kuka. Yawanci akwai makonnin farko da ba a karɓar koke, don kada mai yoyo ya saya yau ya kira gobe. Matsalar da ta riga yarjejeniyar ba ta ciki. Akwai iyakar abin da za su kashe a kowane aiki. Bayan haƙa, da yawa rami kawai za su cike su daidaita ƙasa, ba za su mayar miki da tayil ko intalok ɗinki yadda yake ba. Sai wani sharaɗi da ya shafe mu fiye da Turawa: gidan da aka bari ba kowa na tsawon wasu kwanaki a jere, a wasu takardun 30, a wasu 60, inshorar ba ta aiki a kansa. Mu da mukan kwashi yara mu tafi gida dogon hutu, ko a haɗa azumi da Umara da bikin ƙanwa a yi wata biyu ba a nan, sai a dawo a tarar da ɓarna, a kira, a ce ai kun saɓa sharaɗi. Wannan sharaɗin yana cikin inshorar gini ma, ki duba shi kafin tafiya ta gaba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun faci. Akwai wani dattijo Bature da na je gidansa, ya yi shekaru yana biyan irin wannan inshora. Da bututunsa ya tsage suka zo, ba su yi ƙasa a gwiwa ba, suka haƙa rami ɗaya, suka yanke inda ya lalace kamar tsawon kamu ɗaya, suka sa guntun roba suka ɗaure gefe da gefe. Bayan 'yan watanni ga ni a ƙofar gidansa da ƙarfe biyun dare, na ɗora sanda a kan makullin waje, na kara kunne, sai ga shi ina jin "sssss" kamar maciji a rami. Yoyon ya koma gaba kaɗan da facin. Ba laifin masu gyaran ba ne, abin da takarda ta ce suka yi. Bututu ne da ya haura shekara ɗari, ya yi laushi kamar tsohon zane, ka ɗinke nan ya yage can. An ce da sabon gini gara yaɓe, amma ba a kan irin wannan ba.

Nan ne maganar gidanku ta shigo. Gidan 1900 da ba a taɓa sake masa bututu ba, mafi yawan zato na darma ne. Sai wajen 1970 aka hana sa bututun darma a ƙasar nan. Ki durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke da tocila, ki nemi bututun da ya ɓullo daga ƙasa ya shiga makullin ciki. In shuɗi ne ko baƙi na roba, wani ya riga ya yi muku aikin, ki gode wa Allah ki jefa wasiƙar a kwandon shara, don irin wannan in an binne shi daidai yana iya fin mai gidan tsawon rai. In ja ne kamar tagulla, da sauƙi. In ƙarfe ne mai tsatsa, maganaɗisu zai kama shi. In kuwa toka-toka ne mara ƙyalli, yana da kumburi kamar ƙulli a inda aka haɗa shi, ki ɗan kankare shi da gefen kwabo a hankali. In ya karce cikin sauƙi ya fito fari tas yana walƙiya kamar azurfa, darma ce.

In darma ce, to yoyo shi ne ƙaramar damuwarki. Darma guba ce mai taruwa a jiki sannu a hankali, ta fi illa ga ƙananan yara da mai juna biyu, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ko da yake abin da ke fita daga bututu bai kama ƙafar wancan ba ko kusa. Iyakar da doka ta yarda da ita a ruwan sha a nan, tun ƙarshen 2013, ita ce maikrogiram 10 a lita ɗaya. Yawancin ruwan Birmingham daga kwarin Elan na ƙasar Wales yake gangarowa tun 1904, tafiyar sama da mil 70 ba tare da injin turawa ba, kuma ruwa ne mai laushi, irin wanda ya fi narkar da darma. Kamfanonin ruwa na zuba wani sinadarin fosfet da ke yin ɓawo a cikin bututun ya rage narkewar, yana kuma aiki, amma ragewa ce. Ki roƙi kamfanin ruwanku su zo su ɗebi ruwan famfon kicin su auna, yawanci kyauta suke yi. Kafin nan, ruwan da ya kwana a bututu kada ki dama kunu ko madarar jariri da shi. Da safe ki bar famfon ya zuba cikin roba har ya cika ta, ki yi wanke-wanke ko ban ruwan shuka da wannan, sannan ki ɗebi na sha. Tafasawa ba ta cire darma.

Inshorar da ake tallata miki ba za ta cire bututu don kawai na darma ne ba. Jira za ta yi sai ya fashe. Kuɗin da za ki yi shekara goma kina ba su, su ne kusan kuɗin sabon bututu. Aikin ma ba ya da tashin hankalin da mutane ke zato. Bututun roba ne shuɗi mai faɗin milimita 25 ko 32, doka ta ce a binne shi zurfin da bai gaza santimita 75 ba don kada ƙanƙara ta kai gare shi, bai kuma wuce 135 ba. Galibi ba a tone gaban gida duka. Rami biyu ake yi, ɗaya a bakin titi ɗaya a jikin bango, a saki wata na'ura mai kama da harsashi tana kutsawa cikin ƙasa kamar gafiya, a ja bututun ta ramin da ta yi. Yini ɗaya ko biyu an gama. Ki nemi mai aikin famfo da ke cikin rajistar WaterSafe, ki karɓi farashi daga mutum uku. Kuma in kin sake naki ɓangaren kika sanar da kamfanin ruwa a rubuce, in nasu reshen ma na darma ne, wajibi ne su sake shi da kuɗinsu. Garaɓasar da ke ciki ita ce ƙarfin ruwan gidan yakan ƙaru, mai wanka a sama ya daina ihu in an buɗe famfon kicin.

Abu na biyu game da gidaje masu jere shi ne bututun tarayya. Magina na zamanin da sukan ja bututu ɗaya daga titi, su bi da shi ta ɗan lungun da ke tsakanin gidaje, ya zaga baya ya rarraba wa gida uku, huɗu, har shida. Alamarsa ita ce babu murfi a ƙofar kowane gida, sai ɗaya a bakin lungu, kuma ruwanki na raguwa duk lokacin da maƙwabciya ta kunna injin wanki. A irin wannan, gyaran ɓangaren da aka yi tarayya a kansa na kowa da kowa ne. Na taɓa tsayawa a bayan wasu gidaje huɗu, ruwa na ɓulɓulowa ta ƙarƙashin shingen gida na uku. Na ɗaya yana da inshora, kamfaninsa ya ce kasonsa kawai zai biya. Na biyu ɗan haya ne, mai gidan yana wata ƙasa ba ya ɗaga waya. Ta uku tsohuwa ce da ke cewa ita ba ta ga dalilin da za a fasa mata lambu ba. Na huɗu ya ce shi ruwansa na zuwa lafiya. Makonni aka yi ana wannan, mai inshora da marar inshora duk a cikin taɓo ɗaya. Mafita a nan ita ce kowa ya ja nasa bututun daga titi, kuma kamfanonin ruwa na son haka, wasu ma suna da shirin tallafa wa masu rabuwa. Ki haɗa da wannan a tambayoyin da za ki yi musu.

Na san akwai wata tambaya a ƙarƙashin tambayarki, ta halacci. Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce. Abin da ke sananne shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikinta, irin cinikin biri a sama, ta kuma amince da ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. Malaman da suka yi sassauci ga Musulmin Turai galibi sun yi shi ne a kan lalura, kamar inshorar mota da doka ta wajabta. Ta bututu kuwa ba doka, ba banki, ba wanda ya tilasta. Ki kai wa malamin da kika amince da shi ita a haka.

Akwai waɗanda ba na hana su saya. Mai gida a bayan gari da bututunsa ya yi tafiyar mita hamsin ko ɗari ƙarƙashin kankare kafin ya iso ɗaki, wannan lissafinsa daban ne. Haka mai tsohon bututun ƙarfe a ƙasar yumɓu irin ta Landan da kewaye, wadda ke tsukewa ta tsage da rani ta kumbura da damina, kamar yadda aka gani a farin 2018 da na 2022, tana jan bututu tana karyawa. Haka wanda ya tambaya aka ce masa kamfanin ruwansa ba ya taimakawa da komai, inshorar gininsa ma ta cire, shi kuma ba ya da ko fam ɗari biyar a ajiye. Sai kuma tsoho ko mace mai zaman kanta da yara, wadda abin da take saya ba gyaran ba ne, lambar waya ce guda ɗaya da za ta kira a tsakiyar dare wani ya zo. Kwanciyar hankali ma abin saye ce, matuƙar mutum ya san nawa yake biya a kanta. Wanda ya saya, yana da kwana 14 da zai iya fasawa. Ya sa ƙararrawa a waya wata ɗaya kafin shekara ta zagayo, ya kira ya ce zai bari, sau da yawa a nan take farashi ke sauka. In an hana shi haƙƙinsa ya kai kuka ga kamfanin a rubuce, in mako 8 ya wuce ba gamsasshiyar amsa, ofishin Ombudsman na harkokin kuɗi na sauraron ƙara kyauta.

Ga gwajin da za ku yi da maigida a ƙarshen makon nan, ba ko sisi. In kuna da mita, ku rufe makullin ciki gam, ku buɗe murfin waje ku haska. In lambobin ko ɗan abin da ke juyawa a tsakiya na motsi alhali an rufe ruwan gida, akwai yoyo tsakanin titi da kicin. In ba mita, ku bari sai dare ya raba, unguwa ta yi tsit, a ɗora bakin doguwar sukundireba a kan makullin, a kara kunne a mariƙinta. Bututu mai lafiya shiru yake. Kada ku raina ɗan ƙaramin sauti: yoyon lita ɗaya a minti shi ne lita 1,440 a yini, wato jarkar mai ruwa, mai cin lita 25, guda 57 da 'yan kai, kullum, tana tafiya ƙarƙashin harsashin gininku. Sauran alamun su ne wurin da ba ya bushewa a gaban gida, ciyawar da ta fi sauran kore a lokacin fari, da danshi a gindin bango.

Shi kuma makullin ciki, ki tabbata yana juyawa. A sanyin Disambar 2022, da ƙanƙara ta kama ta kuma saki cikin kwana biyu, yawancin gidajen da na ga sun jiƙe ba bututun waje ne ya ci su ba, na cikin rufi ne ya fashe ruwa ya sauko ta silin, mutane na tsaye a kicin da makullin da ya ƙame tun zamanin mai gidan farko. Ki murɗa shi ki rufe ki buɗe sau biyu a shekara, in kin buɗe har ƙarshe ki ɗan mayar da shi baya kaɗan don kada ya cije. Ki nuna wa duk wanda ya kai shekara goma a gidan inda yake. In ya ƙi motsi, kada a sa masa ƙarfi da sifana, a kira mai gyara ya sake shi, kuma tun da zai durƙusa a wurin, ki sa ya gaya miki ko bututun na darma ne.